Zauren Gidanmu Ya Tafi Neman Kuɗi

Ranar da na shiga birnin Zariya gaida Baffa bayan sallar layya, sai da na wuce ƙofar gidanmu da taku kusan goma kafin na farga. Gidan da aka binne cibiyata ke nan, a lungun da ko an ɗaure mini ido zan iya bi tun daga Ƙofar Doka. Abin da ya ɓatar da ni shi ne babu zaure. A gurbinsa shaguna uku ne a jere, kowanne da ƙofar ƙarfe: na farko na mai cajin waya da cirar kuɗi, na biyu na mai taliya da garin masara, na ukun tela ne ya kafa kekensa a ciki. Hanyar shiga gida kuwa ta koma wani siririn lungu a gefe, wanda mai babbar riga sai ya tattare ta kafin ya wuce.

Na tarar da Baffa a tsakar gida bisa buzunsa, yana jan carbi. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali da aiki, na kasa haƙuri.

"Baffa, ina zaure?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Zaure ya tafi neman kuɗi, ɗana. Kowa a gidan nan ya fita nema, shi kaɗai za a bari a zaune?"

Muka yi dariya, amma dariyar ba ta raka ni gida ba.

Zauren nan na ƙasa ne, kaurin bangonsa ya kai yaro ya kwanta a kan bakin taga. In ka shigo daga ranar bazara, wani sanyi ne zai tarbe ka kamar ka leƙa cikin randa, tare da ƙamshin daɓen da aka yayyafa wa ruwa da na tawadar allo. A sama, azarar giginya ce a jere, ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙin fitila da shekaru, gara ba ta taɓa iya mata ba. Da asuba makaranta ne, da hantsi wurin aikin masu ɗinkin hula da aska takwas a wuyan riga, da la'asar kotu ce ta sasanta maƙwabta. In an idar da magariba kuwa, sai ka ga yara suna fitowa daga gidajen lungun ɗauke da akusa. Ciyayya ke nan. Kowane magidanci tuwon gidansa zai biyo shi zaurenmu, a buɗe a ci tare. Mu yara mun san akushin gidan da miyarsa ta fi daddawa, mun kuma san akushin da yakan makara, ko ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Ba mai tambayar dalili. Mai shi zai wanke hannu ya sa a na kusa da shi, washegari kuma Kaka ta aika wa matarsa ƙwaryar dawa a lulluɓe, ta ƙofar baya.

Da dare, zauren masauki ne. Ban taɓa sanin daren da ya kwana babu kowa ba. Akwai mai jaki da ya kawo kaya kasuwa rana ta faɗi masa, akwai ɗan ƙauyen da ya rako maras lafiya asibiti, akwai gardin da ya zo ɗaukar karatu wurin malaman birni. Wani ɗalibi daga can gabas ya zo da nufin kwana uku kafin ya sami ɗaki, ya share shekara huɗu. Ladan da ya biya shi ne ya koya mana lissafi da dare, ya kuma riƙa karanta wa Kaka wasiƙa. Ranar da zai tafi, matan gidan har kuka suka yi a bayan asabari. Yau da na zama ɗan haya nake lissafin abin da aka yi wa yaron nan, sai na ga kuɗin haya ne na shekara huɗu aka yafe masa, ba tare da wani ya taɓa kiran abin da sunan kyauta ba.

Shi kansa gidan haka yake miƙewa, kamar zaren roba. In saurayi ya isa aure, ba a zancen neman gida. Mai gida zai zaga da sandarsa ya nuna wani gefe na fili, ya ce a nan za a yi wa wane ɗaki. Da kaka ta yi, an kawar da amfanin gona, sai a kira gayya. Samari su haƙo ƙasa a kududdufin bayan gida, a zuba ruwa da ciyawa a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a jera a rana. Magini yana bisa bango, ana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa ba tare da ya duba ba. In an rufa, mata su shigo da madaɓai, a yi daɓe ana waƙa ana yayyafa ruwan makuba, har ƙasa ta yi sheƙi. Kuɗin da aka kashe bai wuce na azara da ƙyaure da ladan magini ba. Sauran duk tuwo ne da fura da gumin maƙwabta, wanda kai ma za ka rama ranar da tasu ta taso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu a aikace muka san wannan kafin mu ji ta a baki.

Kada a ɗauka ginin ƙasa aikin rashin sani ne. A garin nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19, da bakan gizo da ɗaurin guga waɗanda masana gine-gine ke zuwa kallo daga ƙasashen duniya. Da ƙasar da muke takawa aka yi shi.

Haya kuma ba baƙuwa ba ce a Zariya. Tun da jirgin ƙasa ya iso wajajen 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, Tudun Wada ta karɓi 'yan Arewa da ba 'yan birni ba. Kwalejin Barewa ta dawo garin a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya a 1964. Ga sojoji, ga ma'aikatan kamfanin Gaskiya, ga na asibiti. Duk waɗannan sai da suka nemi wurin sa haƙarƙari, kuma da yawansu haya suka kama. Amma a lokacin, haya ƙaramin layi ce a lissafin albashi. Ana biyan ta wata-wata, wani lokaci har mai gida ya ji nauyin tambaya. Shi ya sa aka san Zariya da rufin asiri. Ba ta da hayaniyar Kano, ba ta da tsadar Kaduna da ke kimanin kilomita 80 a kudu, amma tana da makaranta da asibiti da kasuwa. Malamin firamare mai keke zai je aiki, ya dawo cin abincin rana a gida, ya biya gona da yamma, ya yi adashe na 'yan shekaru ya kafa ɗaki biyu. Mutum zai gama aiki a wani gari ya ce Zariya zai koma ya huta, don a nan ɗan fanshonsa zai yi auki.

Wannan Zariyar nake nema yanzu ban ganta ba.

Shekarata goma sha ɗaya a gidan haya, gida na huɗu nake ciki. Kowane tashi labarinsa ɗaya: shekara ta zagayo, dillali ya yi sallama, ya ce mai gida ya ce abubuwa sun tashi. Gaskiya ne kuma, sun tashi. Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024. Rodi da kwano da tifar yashi duk suka bi sahu. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma duk wanda ke zuwa kasuwa ya san wanda ya riga wani isa. Albashi wata-wata yake zuwa, haya kuwa ta shekara ake nema a dunƙule, wani ma ya ce ta shekara biyu. Ga la'adar dillali kashi 10 cikin 100, ga kuɗin ganin gida tun kafin ka san ko zai yi maka. Na ga magidanci ya sayar da gonar gado don ya biya hayar ciki da falo. Na ga auren da aka sa rana aka ɗaga har sau biyu, lefe ya haɗu, sadaki ya haɗu, ɗakin da za a kai amarya ne ya gagara.

Masu neman ɗakin kuma kullum ƙaruwa suke. Ɗaliban da ba su sami kwana a cikin makaranta ba sun cika Samaru da kewaye, mai gida ya gano in ya yanka gidansa ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki, ɗalibai za su ba shi ninkin abin da mai iyali zai iya. Ga kuma waɗanda ba karatu ya kawo su ba, 'yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, suka shigo da tabarma da tukunya. Wanda ya bar gida mai rumbu uku, yau shi da mata da 'ya'ya suna ɗaki guda, ko suna gadin kangon wani da bai gama rufi ba.

To ina mafita? Sai mutum ya ja da baya. Daga Tudun Wada ya koma Ɗanmagaji, daga Hanwa ya nufi bayan Basawa, inda bara-waccan gonar masara ce, bana an yanka ta fuloti-fuloti da igiya. A can haya da sauƙi. Ni ma na yi wannan dabara, na yi murnar abin da na rage, har sai da na zauna da biro. Abin da na ƙwace daga hannun mai gida, mai keke napep ya karɓe: ni zuwa aiki, yara zuwa makaranta, uwargida zuwa awo. Famfo bai zo unguwar ba, sai 'yan ga-ruwa, kura ɗaya ba ta kai kwana biyu. Da damina hanya ta koma kwata, mai babur ya ninka kuɗi. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa, a watan Afrilu tanda ce. Sanyin da bangon ƙasa ke ba mu kyauta, yanzu da fanka ake sayensa, fanka kuma sai da wuta, wuta kuma sai an kawo, in ba a kawo ba sai janareto ko sola ga mai hali. Abin da ya fi waɗannan duka tsada ba a rubuta shi a rasit: ina fita yarana ba su gama karyawa ba, in dawo bayan isha'i wasu sun yi barci. Maƙwabcina na jikin katanga, sai da aka yi masa rasuwa na san sunan mahaifinsa.

Da wannan ƙunci na shiga ɗakin Gwaggo a ranar da na je gaida Baffa, ina ta yabon da. Ta bar ni na gama, tana tsince shinkafa a faifai, sannan ta ɗago.

"Kai ɗan nan, a zaure ka tashi, shi ya sa. Tambaye mu da muke ciki."

Ta fara lissafa mini. Daren watan Agusta da ake tashi a jera ƙore da tasoshi a tsakar ɗaki ana tarar yoyo, a ɗauke yara daga jikin bango don tsoron ya zauna. Shekarar da katangar bayan gida ta rufta kan awaki, Allah ya tsare ba mutum a wurin. Yaɓen da in an tsallake shekara ɗaya ba a yi ba, ta biyu sai dai sabon gini. Kududdufin da nake tunawa da kamun tarwaɗa, ita sauro take tunawa, da zazzaɓin da ya ɗauke mata 'ya'ya biyu. Banɗaki ɗaya ga mutum fiye da talatin. Akusan ciyayyar nan da nake marmari, wa ya daka dawar, wa ya sha hayaƙin ɗanyen itace, wa kuma ya ci ƙanzo bayan an fitar da na maza da na baƙi? Amarya ba ta da ikon soya ƙwai biyu ita da mijinta ba tare da gida duka ya ji ƙamshi ya yi magana ba.

"Jikata tana can bayan gari a ɗaki biyu na haya," in ji ta. "Tana kuka da tsada. Amma in ta rufe ƙofarta, ta rufe. Ni shekara arba'in ban san wannan ba."

Ban sami abin cewa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ɗan zaure ne, kamar yadda ta faɗa. Kuma ko babban masallacin da nake alfahari da shi, a watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana tsakiyar sallar la'asar, aka rasa rayuka. Ƙasa tana da alheri, amma tana son hannun da ba ya gajiya da ita, hannuwan kuwa sun watse neman abinci. Wa zai amsa gayya yau? Saurayin da za ka kira yana kan babur yana neman na cefane, yinin da zai ba ka yinin yunwa ne a gidansa.

Sannan filin da ake nunawa da sanda ya ƙare. A da, cikin ganuwa ma akwai gonaki, mai unguwa yana iya yanka wa baƙo wuri a kan goro da godiya. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, takarda ta maye gurbin shaidar dattawa, fili ya zama haja irin wadda mai kuɗi ke saye ya ajiye yana jiran ta yi tsada. Kududdufai da yawa an cike su da shara an yi gini a kai, sauro ya ragu a wani wurin, ruwan sama kuma da ya rasa masauki ya koma shiga ɗakuna. Gidan da kaka ɗaya ya bari, yau magada sun fi ɗakunansa yawa. Wasu gidajen a kotu suka ƙare, aka sayar aka raba kuɗin da bai isa kowa sayen ko rabin fuloti ba, zuriya guda ta watse gidajen haya. Namu bai kai nan ba, kuma da na koma wurin Baffa na gane dalili.

"Hayar shagon farko," ya ce, yana lanƙwasa yatsa, "maganin hawan jinina da na gwaggonka. Ta biyu, kuɗin makarantar marayun ƙaninka. Ta uku muke tarawa mu sauya rufin ɗakunan baya kafin su faɗo wa mutane. Da na sayar da gida gaba ɗaya, da na sayar da bakinsa, wanne ka zaɓa?"

Na sunkuyar da kai. Ashe zauren bai daina ciyar da mutane ba, sai dai da na waje yake ciyarwa, yanzu ya koma ciyar da na ciki. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

A hanyar komawa, cikin keke napep, na yi ta juya maganar. Zaure ba tubali da azara ba ne kawai. Rara ce: rarar fili da ba a buƙatar a mayar kuɗi, rarar hatsi a rumbu, rarar lokacin dattijon da zai zauna tun hantsi yana amsa sallama. Tsadar muhalli wannan rarar ta fara cinyewa, tun kafin ta kai ga tukunya. Mun sami tayil da silin da ƙofa mai makulli, matanmu sun sami sirrin da iyayensu ba su samu ba, yaranmu ba sa kwana da fargabar bango. Ba zan ce a mayar da ni ɗakin yoyo ba. Amma watan jiya wani ɗan'uwa daga ƙauye ya kawo mahaifiyarsa asibitin Shika, ya kira ni da magariba. Na dubi falona, inda 'ya'yana maza uku ke kwana, na ji bakina yana cewa, "To, bari mu gani." A barandar asibiti ya kwana. Kakana bai taɓa shiga ajin boko ba, bai taɓa karɓar albashi ba, amma bai taɓa faɗa wa baƙo wannan kalma ba.

Ina da rabin fuloti a bayan gari, shekara shida ina tara bulo a kai, ɗari yau, hamsin bayan wata uku. Kwanan baya na kai birkila ya fitar mini da harsashi. Na nuna masa kusurwar da ke kallon hanya, na ce ina son ɗan ɗaki a nan, mai ƙofa ta waje da ta ciki. Ya ja igiya, ya buga turaku, ya ce, "Malam, shago ne ko? In shago ne a faɗaɗa ƙofar."

Na buɗe baki zan ce zaure, sai na tuna ƙarfe nawa nake fita da ƙarfe nawa nake dawowa. Wa zai zauna a ciki ya amsa sallama? Na tuna kuma da kuɗin makarantar da ke jirana a watan gobe. Uwargida, da na ba ta labari, ba ta ko ɗaga kai daga wanke-wanke ba ta ce shago.

Na ce wa birkila ya haƙa harsashin tukuna, maganar ƙofa ma yi ta daga baya. Ramin yana nan, damina ta cika shi da ruwa, har kwaɗi sun tare a ciki. Su dai ba su biya ko sisi ba, ban kuma kore su ba.